Aikin Bayan Labule a Gidajen Wasan Kwaikwayo na Legas: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da matasanmu na Agege, Idi-Araba, Obalende da Mile 12 suka fi yi wa masu aikin dandamali, musamman waɗanda suke da sana'ar hannu suna neman inda za su ƙara shigar da ita. Amsoshin na wanda ya daɗe yana jan waya da ɗaukar katako a bayan labule ne, saboda haka za a ji ra'ayi a ciki nan da can.

Wai mene ne ma aikin bayan labule?

Duk aikin da ake yi don wasa ya hau dandamali alhali mai yin sa ba ya fitowa gaban 'yan kallo. Wanda ya zana fadar da ake gani, kafintan da ya haɗa ta, telan da ya ɗinka rigar sarki, mai kwalliya, mai haske, mai sauti, mai tanadin ƙananan kaya irin su buta da takobi, mai sayar da tikiti, da wanda yake zaune da agogo yana ba kowa umarni. A babban wasa mai kiɗa da rawa, waɗanda ba a gani sukan yi kusan yawan waɗanda ake gani.

Ma'aikatan iri biyu ne. Akwai masu tsarawa, su ne suke zama da darakta tun wasan yana takarda su yanke yadda wuri, sutura, haske da sauti za su kasance. Akwai masu aiwatarwa, su ne suke ginawa, su rataya fitilu, su tafiyar da wasan kowane dare. A Legas, inda kuɗi ba sa isa a ɗauki kowa da aikinsa, mutum ɗaya yakan yi biyun. Kusan kowa daga aiwatarwa yake farawa.

Ashe ana wasan dandamali na kuɗi a Legas? Mu fim muka sani.

Ana yi, kuma ya girmi fim nesa ba kusa ba. Hubert Ogunde ya nuna wasansa na farko a Glover Hall da ke tsibirin Legas a 1944. Ba da jimawa ba ya ajiye aikin ɗan sanda ya kafa ƙungiyar da take cin abinci da wasa kaɗai, suna loda kaya a babbar mota suna zaga garuruwa har Jos da Kano. Babban gidan wasa na ƙasa da ke Iganmu an gama shi a 1976 domin FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya, na 1977. Ya daɗe a lalace kafin bankuna su haɗa kuɗi su gyara shi, a 2024 kuma aka sa masa sunan Wole Soyinka.

Wuraren da aka fi samun aiki yanzu su ne Terra Kulture a Victoria Island, wanda Bolanle Austen-Peters ta kafa a 2003, aka buɗe zaurensa mai kujeru 400 a 2017. Sai cibiyar MUSON a Onikan. Sai Freedom Park a Broad Street, tsohon gidan yarin Turawan mulkin mallaka da aka mayar wurin shaƙatawa a 2010. Sai Glover Hall ɗin kanta da zauren Jami'ar Legas a Akoka. Gwamnatin jiha ma ta gina ƙananan gidajen wasa a Igando, Epe da Badagry. Akwai kuma bikin wasan kwaikwayo na Legas da British Council ta fara a 2013, wanda ya yi suna wajen yin wasa a fili da lungunan da ba a gina don wasa ba.

Kakar aikin ita ce Disamba zuwa farkon Janairu, sai hutun Ista. A tsakaninsu ana wasanni a ƙarshen mako, amma kasuwar takan yi sanyi. Wannan ya shafi aljihu kai tsaye, duba amsar da ke kan kuɗi.

Na yi aiki a lokeshan na fim a Kano. Abu ɗaya ne?

Kayan aikin sun yi kama, halin aikin ya bambanta. A fim idan makirfo ya mutu darakta ya tsayar a sake. A dandamali mutum 400 suna zaune sun biya kuɗinsu, babu tsayawa, babu mai gyara a kwamfuta daga baya. Sannan kyamara tana zuwa har kan fuskar ɗan wasa, ɗan kallo na layin baya kuwa yana can nesa, dole komai ya ƙara girma: kwalliya ta fi kauri, launi ya fi fitowa, ƙaramin zobe ba ya ganuwa sam.

Abin da za ka zo da shi daga fim mai amfani shi ne juriyar dogon wuni da sanin ladabin aiki a ƙarƙashin darakta. Abin da za ka koya sabo shi ne maimaita abu ɗaya daidai wa daida, a daƙiƙa ɗaya, dare bayan dare.

Wane ne manajan dandamali, kuma me ya sa kowa yake tsoronsa?

Darakta yana gina wasa a lokacin rihazal, wato gwaje-gwajen da ake yi kafin a nuna wa jama'a. Ranar da aka buɗe, aikinsa ya ƙare, wasan ya koma hannun manajan dandamali. Shi ne farkon zuwa, shi ne ƙarshen tafiya. Shi yake fitar da jadawalin rihazal, ya rubuta wanda ya makara, ya lura inda kowane ɗan wasa ya tsaya da ƙofar da ya fita. Duk wannan yana cikin wani kundi da ba ya rabuwa da shi: rubutun wasan a shafi ɗaya, a shafin da ke kallonsa kuma alamomi da fensir, haske lamba kaza, sauti lamba kaza, labule, hayaƙi. Da fensir ake yi domin darakta zai canja ra'ayi gobe.

Lokacin wasa yana zaune da abin magana a kunne. Kafin kowane canji yakan ce wa mai haske ya shirya, sannan idan ɗan wasa ya faɗi kalmar da aka ajiye, ya ce "go". Mai haske ba ya taɓa maɓalli sai ya ji wannan, ko da ya haddace wasan ya san lokacin ya yi. Babban wasa yakan ƙunshi irin wannan umarni ɗaruruwa. Idan wuta ta ɗauke ko 'yar wasa ta gurɗe a tsakiyar rawa, shi yake yanke abin da za a yi cikin daƙiƙa biyu, kuma muryarsa ba ta tashi.

A ganina babu ƙofar shiga da ta fi zama mataimakinsa ga wanda ba shi da sana'ar hannu amma yana da natsuwa da iya rubutu. Za ka share dandamali, ka jera kaya a tebur, ka kira 'yan wasa saura minti biyar, kuma cikin wata biyu za ka san aikin kowa. Furodusa ba ya manta mataimakin da bai taɓa makara ba.

Tsakanin furodusa, darakta da manajan shiri, wa yake ɗaukar mutum aiki?

Furodusa ne mai neman kuɗi da kama zaure, shi yake zaɓen darakta da manyan masu tsarawa. Manajan shiri ne mai riƙe da kasafi da jadawalin gini, shi yake hayar mota da janareta. Kai da kake farawa ba ɗayansu ne zai kira ka ba. Shugaban sashe ne, wato mai tsara sutura, ko ogan kafintoci, ko kamfanin da aka ba hayar fitilu da lasifika. Su za ka nema, kamar yadda aka yi bayani a amsar da ke kan hanyar shiga.

Ni tela ne a Agege. Ina da wuri a wannan harka?

Kana da shi, kuma wataƙila ka fi kowa a cikin masu tambaya. Wasa mai mutum 40 a dandamali, kowa yana canja kaya sau uku ko huɗu, lissafa yawan ɗinkin da kanka. Sai dai ɗinkin dandamali ba ɗinkin sallah ba ne. Ana yin sa don a yi rawa a ciki, a jiƙe da gumi, a wanke, a sake sawa har a gama kaka. Hammata tana son ƙarin yadi, ɗinki yana son bi biyu, maɓalli kuma na ado ne kawai, a ƙarƙashinsa akwai abin maƙalawa da ake ɓarewa da jan hannu ɗaya. Wani lokaci ɗan wasa ba shi da ko minti guda tsakanin fita a matsayin talaka da dawowa a matsayin hakimi, a cikin duhu, mutum biyu suna taya shi. Don haka ba a naɗa rawani a lokacin. Tun a shago ake naɗa shi a kan hula, a kama shi da zare ta ciki, a kifa masa kamar hula. Farin yadi tas yana ƙyalli a ƙarƙashin fitila har ya ɓata fuskar mai shi, shi ya sa ake ɗan rage masa haske da rini mara ƙarfi, wasu ma da ruwan shayi. Shadda mai sheƙi ita ma sai an gwada ta a gaban mai haske kafin a yanka.

Ga inda Bahaushe yake da abin da wasu ba su da shi. Ana yin wasanni a Legas da suka taɓo tarihin Arewa. Farfesa Ahmed Yerima, wanda ya taɓa shugabantar ƙungiyar wasa ta ƙasa, ya rubuta wasa a kan Sarkin Musulmi Attahiru, an kuma sha kawo Sarauniya Amina dandamali. Ko wasan da ba na tarihi ba, in dai an ce a nuna Nijeriya gaba ɗaya, sai an sa fada da dogarai. Kuma sau da yawa ana kwaɓa shigar. Na taɓa zama a wani gwaji inda dogari ya fito da rawani mai kunne biyu, sarkin kuma aka nannaɗa masa wani ƙyalle kamar mai ciwon haƙori. Babu wanda ya yi da mugun nufi, hoto suka gani a intanet. Telan da ya san cewa kunne biyu na gidan sarauta ne, ya san wa yake sa alkyabba, ya san ja da koren dogarai, ya bambance aska biyu da aska takwas a jikin babbar riga, ya wuce mai taka keke kawai, ya zama wanda ake shawara da shi. Ka nemi a biya ka wannan shawarar daban.

Yadi a Balogun ake samu, tsofaffin kwat da takalma a gwanjon Katangua ko Yaba. Abin da babu a Legas, kamar saƙi ko rinin baba na gaske, a aiko maka daga Kano ya fi arha a kan a kwaikwaya.

Kafinta da mai walda fa?

Su ma ana neman su, amma sai sun sauke wata ɗabi'a. Kafintan gida yana gini don ya daɗe. Na dandamali yana gini don ya yi kyau daga gaba, ya yi sauƙin ɗauka, ya shiga mota, ya wuce ta ƙofar zaure, a haɗa shi cikin dare ɗaya. Bangon da kake gani firam ne na siraran katako da aka lulluɓe da filawud mai ƙafa 4 a faɗi da 8 a tsawo, a bayansa an tokare shi an danne da buhun yashi. Ana amfani da sukuru da noti maimakon ƙusa domin a kwance a sake haɗawa. Abin da za a tura a tsakiyar wasa ana sa masa tayoyi masu birki, kuma kada su yi ƙara.

Wurin da ba a sassauci shi ne duk abin da mutum zai taka. Matakala da dakalin da 'yan rawa goma za su dira a kai lokaci guda sai da ƙarfe ko katako mai kauri, a nan mai walda yake shigowa. Katako a kasuwar Amu ta Mushin, ƙarfe a Owode Onirin. Ka koyi karanta zane mai ma'auni, domin mai tsarawa takarda zai miƙo maka, ba zai tsaya yana nuni da hannu ba. Kuma kafin ka yanka komai, je ka auna ƙofar da kayan za su shiga.

Na iya wayarin. Yaya ake zama mai haske?

Sanin lantarki rabin aikin ne, kuma shi ne rabin da yake hana gobara. Tsohuwar fitilar dandamali guda ɗaya tana jan wat 1,000. Ka rataya 20 ka ga abin da janareta zai ɗauka. Fitilun LED na yanzu sun rage wannan nauyi ƙwarai, suna kuma canja launi ba tare da an sa musu leda mai launi a gaba ba. Dole ka iya raba lodi a kan layuka uku, ka san kaurin wayar da za ta ɗauka, ka raba wutar haske da ta sauti don kada lasifika ta riƙa gurnani. Babban wasa a Legas ba ya dogara da wutar gari. A kan janareta ake yi, wani kuma yana gefe a shirye. Kowace fitila da ke sama sai da sarƙar tsaro ban da abin da ya riƙe ta, domin a ƙarƙashinta kan mutane ne.

Ɗaya rabin ido ne. Fitilu suna karɓar umarni daga tebur ta wata waya da ake kira DMX, layi ɗaya yana ɗaukar tashoshi 512, kowace fitila da adireshinta. Wannan ana koyonsa cikin makonni. Abin da yake cin shekaru shi ne sanin hasken da zai nuna asuba ba tare da an faɗa ba, da hasken da yake fito da baƙar fata da kyau maimakon ya mayar da ita toka-toka, da lokacin da ya kamata a bar duhu ya yi aikinsa. Mutane irin su Farfesa Duro Oni na Jami'ar Legas a kan wannan suka yi suna. Yawanci ana farawa da riƙe fitilar da take bin ɗan wasa, ko da naɗe waya a kamfanin hayar kaya.

Ina DJ a bukukuwa, ina da mikisa. Zan iya sauti?

Za ka iya idan ka yarda cewa a nan ƙara ba gwaninta ba ce. Burin mai sautin wasa shi ne a ji kowace kalma ba tare da an tuna akwai makirfo ba. A wasa mai waƙa ana iya samun 'yan wasa 20 kowanne da ƙaramin makirfo manne a kumatu, kai kuma kana buɗe na mai magana kana rufe na wanda ya fita, layi bayan layi, da rubutun wasan a gabanka. Ka manta ka rufe ɗaya, zaure duka ya ji ana faɗa a ɗakin canja kaya.

Maƙiyanka biyu ne, gumi da batir. Zafin Legas yana kashe makirfo, shi ya sa ake naɗe na'urar da ke ƙugu da roba, a manne waya da filasta. Batir kuwa sabo ake sawa kafin kowane wasa, ko na jiya yana nuna da saura. Kaya ana samu a Alaba, amma kada ka yi gaggawar saye. Furodusoshi haya suke yi, hannunka suke nema.

Su wane ne masu kula da ƙananan kaya?

Duk abin da ɗan wasa zai riƙe ko ya ɗauka, ƙwarya, tabarma, wasiƙa, sanda, takobin da ba ya yanka, wani ne ya nemo shi ko ya ƙera, kuma shi yake tabbatar da yana wurinsa kowane dare. Ana shimfiɗa takarda a tebur a zana wa kowane abu gurbinsa, da kallo ɗaya a gane abin da ya ɓace. Wanda ya san dukawa da masu sassaƙa na kasuwar kayan gargajiya ta Lekki, ko ya san inda za a aro kakaki da tambari, aikin nan zai zo masa da sauƙi.

Sai da digiri?

A'a. Ba a taɓa tambayar mai rataya fitila takardarsa ba. Amma karatu yana da amfani ga mai son ya zama mai tsarawa, domin a can ake koyon karanta wasa da tarihin sutura da zane. Jami'ar Legas da LASU, jami'ar jihar, suna da sassan da ake koyar da wannan. A Arewa akwai ABU Zariya, mai wani gidan wasa na ginin laka da aka yi da salon ginin Hausa, da Jami'ar Jos da Bayero ta Kano. MUSON tana da makarantar kiɗa. Terra Kulture kuma tana da makarantar koyar da matasa, TAFTA, wadda ta haɗa da haske da sauti, kuma shirinta ya kai har Kano.

Shawarata ita ce kada ka biya kuɗin wani kwas kafin ka yi wasa biyu ko uku kana ɗaukar kaya. A nan za ka gane sashen da ranka yake so, ka kuma gane wane malami ne yake aiki da gaske, wane ne takarda kawai yake sayarwa.

Ban san kowa ba. Ta ina zan shiga?

Fara da kallo. Sayi tikiti mafi arha, ka zauna kusa da teburin haske da sauti a bayan zaure. Idan an tashi kada ka bi 'yan wasa neman hoto, tsaya wurin masu naɗe waya, ka gaishe su, ka tambayi wane ne oga. Ka faɗi sana'arka a jimla ɗaya, ka nuna hotunan aikinka a waya, ka ce kana son a kira ka ranar shigar da kaya. Ranar nan kullum hannu ba ya isa.

Bukukuwan wasa suna ɗaukar masu aikin sa-kai, kamfanonin hayar fitilu da lasifika suna ɗaukar yara, ɗaliban jami'a masu wasan kammala karatu suna neman tela da kafinta mai sauƙin farashi, kuma wasunsu su ne daraktocin da za su kira ka nan da shekara biyar. Aikin kyauta sau ɗaya ko biyu don a san ka ba laifi ba ne. Ya wuce haka, an mayar da kai bawa.

Yaya makon ƙarshe kafin buɗe wasa yake?

Hayar zaure tana da tsada, saboda haka ana yin makonni ana rihazal a wani ɗaki daban, sai saura kwana ɗaya ko biyu a shiga zauren gaske. Motar kaya takan iso da dare. Fitilu ake fara ratayawa tun dandamali yana fili, sannan kafintoci su kafa gini, sannan a saita kowace fitila inda za ta haska, mutum ɗaya a kan tsani ɗaya a ƙasa yana tsayawa a madadin ɗan wasa. Daga nan sai gwajin na'urori, inda ake tafiya daga umarni zuwa umarni ana tsallake hirar da ke tsakani. Shi ne mafi gajiyarwa, kuma a nan ake gane mai haƙuri. Sai gwaji na ƙarshe da cikakkiyar shiga kamar gaske.

Ka zo da baƙaƙen kaya, takalmi rufaffe mara ƙara, ƙaramar tocila, da abincinka. Ka sani dama da hagu a dandamali na ɗan wasa ne yana fuskantar jama'a, ba na mai kallo ba. Daren da aka gama wasan ƙarshe kuma ba a tafiya gida sai an kwance komai an loda, ko da ƙarfe uku ne.

Nawa ake samu? Zai riƙe gida?

Albashin wata sai ga 'yan kaɗan da suke ma'aikatan zaure ko na kamfanin haya. Sauran jinga ce, wasa-wasa. Akan ba da kafin alƙalami, da kuɗin mota a kwanakin rihazal, ciko kuma bayan an gama. Cikon nan shi ne inda ake kuka. Tikiti kaɗai ba ya biyan babban wasa, furodusa yana jiran kuɗin masu ɗaukar nauyi, bankuna da kamfanonin waya, idan suka yi jinkiri kai ma ka jira. Kada ka fara aiki sai an rubuta adadi, ranar biya, yawan wasanni, da abin da za a ƙara in an ƙara kwana, ko da a saƙon WhatsApp ne. Tela da kafinta su raba kuɗin kaya da ladan hannu, kuma kada su sayi yadi ko katako da kuɗinsu. Akwai ƙungiyar masu sana'ar, NANTAP, shiga cikinta yana ba ka inda za ka kai ƙara.

Dandamali shi kaɗai da wuya ya riƙe gida shekara cur. Masu cin abinci da wannan aiki suna haɗa shi da bukukuwan aure, taron kamfanoni, wasannin mawaƙa, fim da talabijin, inda kuɗin ya fi kauri, gwanintar kuma ɗaya ce. In kana da shago kada ka rufe shi. Abin da ka samu a Disamba ka tuna da Yuni da Yuli.

Sallah da azumi fa? Kuma me zan ce wa iyayena?

Hukuncin wasa da kiɗa tambayar malamai ce, a kai musu. Abin da zan iya faɗa na aiki ne. Ranar wasa biyu, na rana yakan fara wajen ƙarfe uku, na dare wajen shida ko bakwai. Azahar kafin a fara, La'asar a tsakani. Magariba ce take karo da wasan dare, don haka ka gaya wa manajan dandamali tun ranar farko, ka riƙe alwala, ku shirya wanda zai tsaya maka minti biyar ko ka san gurbin da ba ka da umarni. Yawancin ma'aikata sun saba, da yawa daga cikin Yarabawan da za ka yi aiki da su Musulmi ne. Abin da ba a yafewa shi ne ka ɓace ba sanarwa. Da azumi, ka nemi a sa ka aikin tsani da ɗaukar nauyi da dare.

Kana da damar karanta wasa kafin ka karɓa, ka tambayi wa ya ɗauki nauyinsa, ka ƙi wanda bai kwanta maka ba. Su Baba kuwa, kalmar "ɗan wasa" ce take tayar musu da hankali. Gaya musu gaskiyar abin da kake yi: ɗinki, kafinta, lantarki. In da hali ka kai wani babba na gida ya ga wurin da rana, lokacin da ake gini.

Mace za ta iya?

Mata sun fi yawa a sutura da kwalliya, suna da yawa a manajan dandamali da furodusa, ana kuma samunsu a teburin haske da sauti. Hijabi ba ya hana komai, baƙi ma ake so a bayan labule. Sai dai a ɗaure shi kada ya kama a tsani ko taya. Ƙanwata, abin da za ki tsaya a kai tun farko shi ne motar komawa gida da dare da ɗakin canja kaya na mata daban, a rubuta su cikin yarjejeniya. Mai lalle da mai kitso su ma ana kiran su, musamman wasan da yake da amarya.

Sai na iya Yarbanci?

Ba dole ba. Umarni da Turanci ake bayarwa, hira da Burokin. Yarbanci yana taimakawa a kasuwar katako da wurin direbobi, yana kuma sa a sake da kai da wuri. Karatun Turanci ne ba makawa ga manajan dandamali da mai sauti, tunda rubutun wasa suke bi.

Daga Agege zuwa tsibiri kullum, ba zai cinye ladan ba?

Zai iya, shi ya sa kuɗin mota yake cikin abin da ake ciniki. Jirgin ƙasa na jan layi yana tsayawa a Agege ya kai Oyingbo, na shuɗin layi kuma yana da tasha a bakin gidan wasa na Iganmu ya kai Marina, daga nan Onikan da Broad Street ba nisa. Ka tabbatar da lokacin jirgin ƙarshe, domin wasan dare yakan wuce shi. A makon buɗewa yawancin ma'aikata a zaure suke kwana, ko wurin 'yan'uwa a Obalende. Go-silo ba uzuri ba ne a wannan aiki, kowa ta cikinsa ya biyo.

Idan na ƙware, zan iya komawa Arewa da sana'ar?

Wasan dandamali mai tikiti bai yi ƙarfi a Kano ko Kaduna kamar Legas ba. Jos tana da Jos Repertory Theatre da bikinta na wasanni, Abuja tana da masu kallo da masu ɗaukar nauyi, jami'o'i kuma suna yi a kai a kai. Amma inda aikin yake da yawa shi ne zaurukan biki, tarukan gwamnati da na siyasa, musabaƙa, bikin ba da kyaututtuka, da gidajen talabijin masu gina ɗakin shiri. Duk wanda ya halarci taro a gida ya ji makirfo yana kuka a bakin babban baƙo ya san akwai gurbi.

Kafin ka tattara, ka ɗauki hoton kowane aiki da ka yi daga kujerar ɗan kallo, ka ajiye takardar shirin da sunanka yake ciki, ka riƙe lambobin kamfanonin haya na Legas, domin manyan taruka a Abuja da Kano sau da yawa daga nan ake ɗauko musu kaya, kuma mai kayan ya fi son ya tura su hannun wanda ya riga ya sani.